Gurnanin Deluxe Reverb ta 1965: nazarin gyaran wata tsohuwar amfilifaya

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa makaɗin jita ne. Yana kiɗa da wata 'yar ƙungiya a ƙananan ɗakunan taro, jefi-jefi kuma a kira shi aiki a situdiyo. Kawunsa ne ya rasu ya bar kayan kiɗa, cikinsu har da amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, ƙirar Fender Deluxe Reverb wadda ta shafe fiye da shekara 20 a wani sito mai laima, ba wanda ya kunna ta.

A jikin katakon akwatin, ta ciki, akwai 'yar takarda manne da ke nuna mazaunin kowane bawul, wato kwalbar gilashi mai sarrafa wuta, an buga mata hatimin haruffa biyu: OF. A tsarin Fender na wancan zamani, O na nufin shekarar 1965, F kuma watan Yuni. Lambobin da ke jikin taransifomomi sun fara da 606, alamar kamfanin Schumacher, ta sifika kuma ta fara da 465, wato Oxford. Duk sun yi daidai da shekarar. Ba a taɓa sauya wani babban abu a cikinta ba.

A 1963 Fender ya fara fitar da wannan samfuri daga masana'antarsa da ke Fullerton a jihar Kalifoniya. Makaɗa suna kiran na tsakanin 1963 da 1967 masu baƙar fuska, saboda launin allon da maɓallan suke kai. A watan Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfanin ga kamfanin watsa labarai na CBS a kan dala miliyan 13, amma tsarin wayoyin cikin Deluxe Reverb, wanda ake kira AB763, bai canza ba a wannan shekarar. Ƙarfinta wat 22 ne, da sifika ɗaya mai inci 12. Tana da bawul tara, waɗannan kwalaben gilashi masu jan haske da aka yi amfani da su kafin zuwan taransista: ƙanana shida masu ɗaga sautin farko da sarrafa amsa-amo da rawar sauti, manya biyu ƙirar 6V6 masu tura sifika, sai GZ34 mai mayar da wutar bango zuwa wutar da sauran ke ci.

Ƙanƙantar ƙarfin nan ita ce sirrin farin jininta. Amfilifaya mai bawul ba ta fitar da muryar da ake so sai an matsa mata, inda sautin ke fara kauri yana ɗan dushewa a gefe-gefe. Twin Reverb mai wat 85 ba ta kai wannan matsayi sai ta kusa toshe kunnuwan mutanen ɗaki, balle Ampeg SVT ta 1969 mai wat 300 da masu jitar bas ke ji da ita. Deluxe kuwa, da an kai boliyum huɗu ko biyar an iso wurin.

Mako na farko: kunnawa

Ya share ƙura, ya soka filogi a bango, ya kunna. Ta yi magana, kuma ya ce muryar ta fi duk abin da ya taɓa mallaka. Ya yi kamar minti 40 yana kiɗa. A wannan zama ya lura da abu uku.

Akwai gurnani mai kauri a ƙarƙashin sautin, wanda ba ya raguwa ko an rufe boliyum gaba ɗaya, ko an zare wayar jita. Bayan kamar minti 15 kuma sai wata ƙara ta taso, tas-tas, ƙaras-ƙaras, kamar ana taka busassun ganye. Na uku shi ne wanda bai ɗauka da muhimmanci ba: a wurin atisaye, hannunsa na kan igiyoyin jita, leɓensa ya taɓa makirufo, wuta ta ɗan ja shi. Ya juya makunnin ƙasa da ke bayan amfilifayar, mai zaɓar layin wutar da ake haɗawa da jikin ƙarfenta, zuwa ɗaya ɓangaren, jan ya ragu, ya ci gaba da kiɗa.

Mako na biyu da na uku: sauya bawul

Abin da kowa ya ce masa shi ne bawul sun tsufa. Ya sayi sababbi tara ya cire tsofaffin duka, ya zuba su a kwali. Masana'antun Amurka da suka ƙera tsofaffin, irin su RCA da GE da Sylvania, sun daɗe da daina wannan sana'a. Na yanzu daga Rasha da Sulobakiya da Sin suke fitowa.

Gurnani bai ragu ba. Tas-tas ɗin ma yana nan, a daidai lokacin da ya saba zuwa. Sai ma wani sabon abu ya ɓullo. A dare na uku, da ya leƙa bayan akwatin a cikin duhu, ya ga farantin ƙarfen da ke cikin ɗaya daga cikin 6V6 ya yi ja kamar garwashi. Jan da aka saba gani a bawul ɗan siriri ne a tsakiya, na zaren dumama. Wannan kuwa farantin ne da kansa. Kafin ya kai hannu ga makunni fis ya ƙone.

A cikin waɗannan makonni ya kuma gwada wayoyin jita uku, ya gwada soket na wani ɗaki, ya haɗa amfilifayar da wata sifika mai om 8 ta abokinsa. Babu wanda ya canza komai. Gwaje-gwajen nan ba su yi magani ba, amma sun wanke sifika da wayoyi daga zargi, kuma mai gyaran da ya karɓi aikin daga baya ya amfana da su.

Mako na huɗu: babban fis

Fis ɗin wannan samfuri amfa ɗaya ne, mai jinkirin ƙonewa, kuma an rubuta haka a bayan akwatin. Ya sa irinsa, ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. Ranar da za su yi wasa ta matso, sai ya sa mai amfa uku. Wannan bai ƙone ba. Bayan minti goma sai ƙaurin ƙuna ya cika ɗakin, sautin ya ragu ya koma kamar ana magana ta hanci. Ya kashe, ya aro amfilifayar wani ya je wasan.

Wata na biyu da na uku: shawarwari biyu masu karo

Ya kai ta wurin wani mai gyaran kayan lantarki na gida, wanda bai saba da kayan bawul ba. Mutumin ya fesa maganin wanke maɓallai, ya duba ciki, ya ce a cire allon ciki da kayan lantarkin ke kai gaba ɗaya a zuba sababbin kaya, har da taransifomomi, tunda duk sun haura shekara hamsin. Makaɗin bai yarda ba, ya ɗauko kayarsa.

A ɗaya gefen kuma, wani abokinsa mai tara tsofaffin kayan kiɗa ya gargaɗe shi da kada ya bari a narka ko ɗigon dalma ɗaya a cikinta, domin a wurinsa duk abin da aka sauya ya rage mata daraja kuma ya tafi da muryar. Tsakanin mai cewa a cire komai da mai cewa kada a taɓa komai, amfilifayar ta yi wata biyu a kusurwar ɗaki an lulluɓe ta da zane.

Wata na huɗu: awo

Mai gyara na biyu tsohon hannu ne a kayan bawul. Bai kunna ta ba a ranar farko. Ya zaro ƙarfen jikin daga akwati, ya fara sauke wutar da ke kwance a cikin manyan kafasita, kayan da ke adana wuta, ta hanyar rizista, mai rage gudun wuta, yana kallon mita har ta koma sifiri. Waɗannan kafasita suna iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare filogi, kuma hakan ya isa ya kashe mutum. Sannan ya ɗauki hotunan ciki ta kowace kusurwa.

Da ido kawai ya ga abu uku. A ƙarƙashin murfin ƙarfe akwai kafasita biyar na tace wuta, kowace maikirofarad 16, bolt 450. Biyu sun kumbura a baki, ɗaya ta fitar da farin gari. A kan soket na 6V6 ɗin da ya yi ja, rizista mai om 470 ta tsage ta yi baƙi, ita ce ta yi ƙaurin ranar babban fis. Wayar wuta kuma mai ƙafa biyu ce, ba ta da wayar ƙasa, robarta ta bushe tana farfashewa.

Sai ya cire bawul duka, ya ba ta wuta ta cikin kwan fitila mai zare da aka jera a layin. Dabarar tsohuwa ce: in akwai inda wuta ke gudu kai tsaye, kwan zai haska sosai ya shanye ta, ba abin da zai ƙone. Kwan ya ɗan yi ja ya lafa. Taransifomar wuta ta tsira daga babban fis. Ya auna taransifomar sifika ita ma, ɓangarorinta biyu lafiya.

A nan wani adadi ya fito wanda ya shafi duk abin da ya biyo baya. An tsara amfilifayar ne don wutar bango irin ta Amurka mai bolt 117. Mitarsa ta nuna 124 a soket. Wutar zaren dumama da ya kamata ta zama bolt 6.3 ta kai 6.7. Duk abin da ya shiga taransifoma da ƙari, da ƙari zai fita.

Kafin ya sauya komai, ya mayar da bawul ya kunna na ɗan lokaci don ya saurari gurnanin, da sifika a haɗe, domin ba a kunna amfilifaya mai bawul babu sifika. Ya ɗauki jitar makaɗin ya kaɗa igiya ta biyar, wato A, ya danna gaɓa ta farko, sannan ta biyu. Gurnanin ya faɗi a tsakaninsu. Gaɓa ta farko tana kaɗawa kusan sau 117 a daƙiƙa, ta biyu kusan sau 123, gurnanin kuwa 120 ne, ninki biyu na bugun wutar bango mai 60. Gurnani mai 120 daga kafasitan tace wuta yake zuwa. Da mai 60 ne, wanda ya fi igiya mafi kauri ta jita zurfi, da an fara neman laifin a zaren dumama ko a haɗin ƙasa. Cikin minti ɗaya ya san inda zai dosa.

Awo na gaba shi ne bayas. Manyan bawul suna buƙatar wata wuta mai alamar ragi a ƙofarsu, wadda ke aiki kamar linzami, tana hana su jan wuta fiye da kima. Zanen masana'anta ya nuna bolt 35 ƙasa da sifiri. Ya samu 24. 'Yar kafasitar da ke tace wannan wuta ta bushe, linzamin ya saki. Kowane 6V6 yana jan kusan miliamfa 41, alhali iyakar zafin da farantinsa ke ɗauka wat 14 ne, shi kuwa yana ɗauke da kusan 18. Dalilin jan faranti ke nan, kuma dalilin ƙonewar fis.

Mako biyun gyara

Ya sauya kafasita biyar na tace wuta, ya sa masu girma ɗaya amma masu jure bolt 500. Ya sauya ta bayas, da ƙananan kafasita masu ruwan sinadari da ke kan allo, domin duk irinsu ɗaya ne kuma tare suka tsufa. Ya sauya rizista biyu masu om 470 da biyu masu om 1,500 da ke kan soket na manyan bawul, inda zafi ke gasa su shekara da shekaru.

Ya cire wayar wuta ya sa mai ƙafa uku, ya ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfe da ƙusa tata ita kaɗai. Ya kuma cire wata kafasita da ke tsakanin makunnin ƙasa da jikin ƙarfen. Masu gyara suna kiranta kafasitar ajali. Aikinta a da shi ne rage gurnani, ta hanyar haɗa ɗaya daga cikin layukan wutar bango da jikin amfilifaya. In makunnin ya faɗa kan layin mai wuta, 'yar wuta tana ratsowa zuwa jikin ƙarfe, daga nan ta bi waya zuwa igiyoyin jita. In kafasitar ta lalace ta haɗe, wutar bango gaba ɗaya ce za ta biyo. Jan da makaɗin ya ji a leɓe daga nan ne.

Da aka kunna, gurnani ya tafi. Wutar faranti ta tsaya a bolt 445, inda zanen ya nuna kusan 420; bambancin na wutar bango ne. Dama can Fender yana tura 6V6 a wannan samfuri fiye da abin da takardun masu ƙera bawul suka yarda, wanda bai kai bolt 400 ba. Masu gyara da yawa ba sa barin bawul ya wuce kashi 70 cikin ɗari na iyakarsa idan yana zaune ba kiɗa. Kashi 70 na wat 14 shi ne 9.8, a raba da 445, ya ba da miliamfa 22. Ya juya maɓallin bayas ya tsayar a 21.

Bai rufe akwatin ba. Ya bar ta a kunne da mita a jiki. Bayan minti 20 bawul ɗaya yana nan a 21, ɗayan ya hau 29 yana ci gaba. Ya musanya musu mazauni, sai hawan ya tsaya a soket ɗin, bai bi bawul ba. Laifin ashe na wata kafasita ce mai shuɗin jiki, maikirofarad 0.1, wadda ke miƙa sauti ga wannan bawul kuma take tare babbar wuta kada ta wuce. Da ta ɗumama sai ta fara yoyo, tana cin linzamin. Waɗannan shuɗɗan kafasita sun yi suna wajen ƙarko, kuma masu son sautin baƙar fuska suna ji da su. Ya gwada sauran ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Ita kaɗai ya cire.

Saura tas-tas. Ya zare ƙaramin bawul na farko, ƙarar tana nan. Ya mayar, ya zare na biyu, sai shiru. Da siririn tsinken katako, hannu ɗaya a aljihu, ya riƙa ƙwanƙwasa kayan da ke kewaye da wannan bawul. Da ya taɓa wata rizista mai om dubu 100 sai sifika ta yi tsawa. An auna ta, ta kai dubu 128. Irin waɗannan na garin gawayi ne da aka matse, suna shan laima, ƙimarsu tana hawa, kuma suna surutu idan babbar wuta na ratsa su. Ya sauya ita da 'yar uwarta, ya wanke ramukan soket ya matse su.

Sannan ya ce a kawo kwalin tsofaffin bawul. Ya gwada tara ɗin. Bakwai lafiyarsu lau: ƙanana shida da GZ34. Ɗaya daga cikin 6V6 ya raunana, don haka aka bar sababbin biyu da aka daidaita, aka mayar da bakwai mazauninsu. Duk kayan da aka cire ya zuba a leda ya rubuta inda kowanne ya fito, ya ba mai ita.

Gyaran da bai tsaya ba

Abu ɗaya ya ba da wahala. Maɓallin boliyum yana ƙaiƙayi idan an juya, ko bayan an wanke shi. Mai gyaran ya ɗora bakin mita a kan allon da kansa, inda ba waya ba dalma, sai ta nuna 'yar wuta. Allon na matsattsen zare ne, ya sha laimar sito har ya fara ɗaukar wuta daga wani idon ƙarfe da ake haɗa kaya a kai zuwa wani. Ya busar da shi da iska mai ɗumi na tsawon sa'o'i, ƙaiƙayin ya ɓace, aka mayar da amfilifayar gida.

Bayan mako uku ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. A zuwa na biyu mai gyaran ya sake busarwa, sannan ya ɗaga ƙafar kafasita ɗaya daga idon allon ya haɗa ta kai tsaye da wayar da ke zuwa maɓallin, ta yadda yoyon ba shi da hanyar shiga. Wannan ya tsaya.

Bayan wata shida

Makaɗin ya yi wasanni da atisaye da ita a kai a kai, sau da yawa awa uku a jere. Fis mai amfa ɗaya bai sake ƙonewa ba. An sake aunawa: miliamfa 21 da 22. Ya sayi 'yar taransifoma mai rage wutar bango zuwa kusan 117, da ita wutar faranti ta sauko kusa da 420, zaren dumama ya koma 6.3, aka sake daidaita bayas a kan haka. Ya ce ƙasan sautin ya fi tsayuwa fiye da ranar farko, kuma dushewar da yake so tana zuwa a boliyum huɗu da rabi. Abokin nasa mai tara kaya ya saurara ya ce ta ɗan fi ƙarfi a kunne. Wannan ma yana iya zama gaskiya, domin kafasita masu rauni suna sa sauti ya yi laushi, wasu kuma sun saba da laushin har suna ɗaukarsa shi ne muryar asali.

Hukunci

Ciwo ba ɗaya ba ne, shida ne suka taru: kafasitan tace wuta, ta bayas, mai yoyo guda, rizista mai surutu, allo mai laima, da wayar wuta marar ƙasa. Kowanne da alamarsa, amma da yake tare suka bayyana, sai mai ita ya ɗauka abu ɗaya ne, ya nemi magani ɗaya. Sauya bawul ya gaza ne don babu ɗaya daga cikin shidan da ke cikin bawul. Ya ma ƙara haɗari, tunda an sa sababbin 6V6 ba tare da auna bayas ba.

Kuskure mafi muni shi ne babban fis. Fis ɗin da ke ƙonewa aikinsa yake yi, kuma sa'a ce kawai ta sa rizista mai om 470 ta mutu kafin taransifoma. Na biyu shi ne kunna ta kai tsaye bayan shekara 20. Ya kamata a fara da kwan fitila ko a ɗaga wutar sannu a hankali. Jan wuta a leɓe kuwa shi ya kamata ya tsayar da komai tun makon farko.

A ganina mashawartan biyu kowanne ya riƙe rabin gaskiya. Mai tara kaya ya yi daidai cewa muryar tana cikin tsofaffin kaya, amma ba cikin dukkansu ba: tana cikin taransifomomi, da sifika, da tsarin wayoyin, da akwatin katakon. Kafasita mai ruwan sinadari kuwa kamar tayar mota ce, tana da wa'adi, kuma barin ta bayan ta kumbura shi ke jawo asarar taransifomar da ake son karewa. Mai gyara na farko ya yi daidai cewa akwai abin sauyawa, amma bai auna komai ba kafin ya yanke. Abin da na biyun ya yi daban shi ne bin tsari: tsaro, sannan wuta, sannan bayas, sannan surutu, kuma da wuya ya cire wani abu da ba na wa'adi ba sai da mita ta kama shi da laifi. Daga cikin shuɗɗan kafasita guda ɗaya tak ta fita. Taransifomomin Schumacher da sifikar Oxford suna nan yadda aka ɗaure su a watan Yunin 1965.